Matar Soja Da Takardar Magaji: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Chikaji

Zuwa ga Kwamandan Daffon Soja na Zariya, da shugabannin Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya reshen Jihar Kaduna, da Shugaban Ƙaramar Hukumar Sabon Gari.

Ranku ya daɗe, na haɗa ku ku uku a takarda ɗaya ne domin maganar da zan kawo a tsakaninku take faɗuwa, kowa na ɗauka ta ɗan'uwansa ce. Maganar matan da mazajensu sojoji suka kwanta dama a bakin aiki ce, da marayunsu, da kuma matan da su da kansu suka sa kaki har suka ajiye.

Zariya ba baƙuwar soja ba ce. Tun 1924 ake horar da kurata a Daffo, sunan barikin Chindit ma tsarabar yaƙin Bama ne, inda iyayenmu suka shiga daji a 1944. Makarantar yara ta soja tana nan tun 1954, ga kuma barikin Basawa ta wajen Samaru. Garin da soja ya shekara ɗari a cikinsa dole ya tara iyalan soja. In miji ya rasu, wa'adin zama a gidan bariki ya cika, ba kowace mace ce ke da ƙauyen komawa ba. Wata daga Binuwai aka auro ta, wata daga Adamawa, yaranta ba su san wani gari ba sai wannan, 'yar sana'arta kuma a kasuwar Mami take. Sai ta kama ɗakin haya a Chikaji ko Muciya ko Hayin Dogo. Ranar da ta fita ƙofar bariki ta fita daga idon Magajiya, wadda ita ce ta san cikin kowane gida a bariki, a gari kuwa ba ta shiga littafin kowa ba.

Ban ce ba a yin komai ba. Duk 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ana fareti, ana ajiye furanni, manya na sayen bajon tunawa da kuɗi masu kauri. Ƙungiyoyin matan hafsoshi da na ƙananan sojoji suna raba shinkafa da atamfa da keken ɗinki, Allah ya saka musu. Sai dai buhun shinkafa wata guda yake yi a gidan da ke da yara biyar. Abin da zai riƙe gidan yana kwance a cikin fayil: garatutin mamaci, kuɗin inshorar rai, da ɗaukar nauyin karatun yara da rundunar soja ta yi wa 'ya'yan waɗanda suka rasu a bakin aiki alkawari. Waɗannan haƙƙi ne, mai shi ya riga ya biya da ransa. Kuma an ga cewa in an so ana iyawa. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta a Maris na 2024, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya faɗi a wurin jana'iza cewa sun bar mata 10, uku da juna biyu, da marayu 21. Nan take Shugaba Tinubu ya yi alkawarin gidaje da karatun yara, ya kuma ba da umarnin a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. To, sojan da ya faɗi shi kaɗai a hanyar Birnin Gwari, ba kyamara ba ɗan jarida, wa zai ƙirga wa matarsa kwana? In har tsofaffin sojoji maza, waɗanda suka san kowace ƙofa da kowane muƙami, sai da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a Disamban 2024 da Janairun 2025 kafin a saurare su, ina ga macen da ba ta taɓa wuce Kaduna ba?

Ranka ya daɗe Kwamanda, a wurinka matsalar take tsira, shi ya sa na fara da kai. Ga kurtu ɗan shekara ashirin, kai a aske ƙwal, an miƙa masa fom an ce ya rubuta magajinsa. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai ya rubuta mahaifinsa ko wansa, kuma daidai ya yi a ranar. Shekara goma ta wuce, ya yi aure, ya haifi uku, ana ta jefa shi daga Monguno zuwa Zamfara, fom ɗin nan kuwa yana nan yadda ya bar shi. Ranar da ta Allah ta kasance, hukuma sunan da ke takarda ta sani, shi za ta kira, asusunsa za ta zuba kuɗi. In an dace da mai tsoron Allah, ya tara dangi a raba. In ba a dace ba, sai a ji ya sayi mota. Alhali wanda aka rubuta amana aka ba shi ya karɓa, sunansa a fom bai soke rabon da Allah ya yi ba: mace tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, yara kuma suna da nasu.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne lokaci. Musulma tana takaba wata huɗu da kwana goma, ba ta fita sai da lalura, kuma waɗannan watannin su ne ake rige-rigen haɗa takardu. Kirista ma tana da nata zaman makokin da nata rikicin dangin miji. Kafin ta fito an yi nisa ba da ita ba. Sai ka gan ta da asuba a Kwangila, goye da yaro, riƙe da baƙar leda mai ɗauke da hoton mamaci cikin kaki da takardun haihuwa da suka fara yagewa a wurin ninki, tana neman motar Abuja don ta kai kanta Hukumar Fanshon Soja a Dutsen Alhaji. Can kuma a tambaye ta shaidar aure, auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da alawa, shaidunsa jama'ar unguwa ne.

Shawarata ƙarama ce. A Daffo, a sa darasin takardar magaji cikin horon kurata, da Hausa da Turancin bariki yadda kowa zai gane, sannan ka kai wa hedikwata shawarar a riƙa tilasta sabunta fom ɗin duk shekara da kuma duk lokacin da soja ya yi aure ko aka yi masa haihuwa. Ƙaramar hukuma kuma ta ba da ɗaki ɗaya da tebur da kwamfuta, Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta riƙe shi, aikinsa rajistar waɗannan mata da bin fayil ɗinsu har kuɗi ya shiga hannu. Masu unguwanni da limamai da fastoci su shaida auren da ba shi da takarda. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta nazarin shari'ar Musulunci suna Kongo, tafiyar ɗan sahu ce, su za su fayyace wane kuɗi ne gado, wane ne na riƙon yara.

Wa za a zaunar a teburin? Matan da suka yi aikin soja suka yi ritaya. An saba mantawa da su, a wurin taro ma wani lokaci a zaci matan sojoji ne, alhali tun 2011 mata ke shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA a sahun mayaƙa, an kafa rundunar mata ta sojan ƙasa a 2018, a 2025 kuma aka naɗa mace ta farko, Grace Morenike Henry, shugabar Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta ƙasa. Tsohuwar saja ta san yaren ofisoshin soja, ba a yi mata burga da igiya a kafaɗa, kuma za ta shiga har ƙuryar ɗakin mai takaba, inda namiji ba zai shiga ba. A biya ta alawus, ita ma ta samu abin rufin asiri.

Za a ce soja na gwamnatin tarayya ne, me ya haɗa shi da ƙaramar hukuma? Kuɗin na tarayya ne, amma yaron da aka koro daga makaranta a titin Chikaji zai yi gararamba, ba a Abuja ba. Za a kuma ce tara sunayen iyalan sojoji wuri ɗaya haɗari ne a wannan zamani. Gaskiya ne, don haka kada a liƙa suna a allo, littafin ya zauna a hannun ƙungiya, adadi kawai za a bayyana. Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a fili ba: Zariya cike take da zawarawa da marayu, wasunsu ma a hannun soja suka rasa nasu a Disamban 2015, to don me za a fifita matar soja? Wannan ciwo ne na gaske, kuma masu shi suna da nasu haƙƙin da ya kamata a bi musu. Amma matar kofur da ke soya awara a bakin hanya ba ita ta ba da oda ba, kuma ba fifiko nake nema mata ba. Abin da doka ta riga ta rubuta da sunan mijinta nake cewa a taimake ta ta karɓa. Duk wadda ta karɓi nata ta fita daga layin zakka, ta bar wa wata gurbi.

Ranku ya daɗe, kafin 15 ga Janairu mai zuwa, ku zauna ku uku, ku gayyato Magajiyoyin Chindit da Basawa da masu unguwannin mazaɓu 11 na Sabon Gari, a ƙirga matan nan gida-gida. A wurin faretin ranar, bayan an ajiye furanni, wani daga cikinku ya tashi ya faɗa wa jama'a fayil nawa aka samu a maƙale, nawa kuma aka fitar.