BA KOWACE WUTA CE RUWA KE KASHEWA BA

Jama'a ku yi haƙuri da tsawon wannan rubutu, abin ne ya tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Bayan sallar isha'i wuta ta kama wani shagon walda a bayan layinmu. Jeren shaguna ne, akwai mai sayar da maganin feshi, akwai tela, akwai wani sito da kullum yake kulle. Kafin motar kwana-kwana ta iso matasa sun fara jidar ruwa a bokiti, Allah Ya saka musu da alheri. Da motar ta zo, shugaban tawagar bai ce a buɗe mesa ba. Saukowa ya yi yana tambaya: "Ina mai shagon nan? Me da me ke ciki?"

Nan fa wuri ya kaure. Wannan ya ce "Yallaɓai ku zuba ruwa mana!" wancan ya ce "Ai dama babu ruwa suka zo." Har wani ya jefi motar da dutse. In faɗi gaskiya, ni kaina sai da na ce wannan wane irin aiki ne, wuta na ci ana tsayawa tambaya.

Can sai ga yaron mai waldar, jikinsa na rawa, ya ce akwai duro biyu na kabayid a lungun baya, wutar ba ta kai gare su ba tukuna. Nan take jami'in ya hana matasa watsa ruwa ta wannan ɓangare, ya sa aka tura mu can nesa, aka ɗebo yashi daga wani gini da ake yi kusa, su kuma suka mayar da ruwansu kan shagunan maƙwabta don kada wutar ta tsallaka. Shagon ya ƙone, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Na koma gida ina jin kunyar maganar da na yi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu walda da kabayid ya san yadda abin yake. Dutse ne mai launin toka, ana zuba masa ruwa sai ya fara tafasa yana fitar da iska mai wari. Iskar nan, asitilin, ita ce ake kunnawa a narka ƙarfe. Kilo ɗaya na kabayid yana ba da wajen lita 300 na wannan iska. To ka lissafa duro biyu, a cikin rufaffen shago, ga wuta a gefe, sannan ka sakar masa ruwan mesa. Mai ka ƙara wa wutar da hannunka. Hausawa na cewa gobara daga kogi maganinta Allah, to wannan ita ce a zahiri: ruwan da ka kawo don ceto shi ne zai haifar da wutar.

Abin da ya sa na kasa barci a daren shi ne na tuna Tianjin. Ranar 12 ga Agustan 2015, wajen ƙarfe 11 saura na dare, aka kira 'yan kwana-kwana cewa wuta ta tashi a wani wurin ajiyar kwantenoni a tashar jiragen ruwa ta birnin Tianjin na ƙasar China. Suka zo da sauri, suka tambayi ma'aikatan wurin me ke ci da wuta, babu wanda ya iya gaya musu. Sai suka yi abin da suka saba, suka buɗe ruwa. Bayan ƙarfe 11 da rabi kaɗan wurin ya fashe, bayan kamar daƙiƙa 30 ya sake fashewa da ƙarfin da ya ninka na farko nesa ba kusa ba. Mutum 173 suka tafi, har da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Daga cikinsu 104 'yan kwana-kwana ne, da yawansu samari ne masu ƙananan shekaru. Kusan mutum 800 suka jikkata.

Me ke cikin wurin? Akwai kabayid, akwai wajen tan 700 na gubar sodiyam sayanayid, akwai wajen tan 800 na amoniyam naitiret, wato sinadarin da ake takin zamani da shi kuma ake haɗa nakiya da shi. A kwanakin farko masana sun yi ta nuna damuwa cewa ruwan da aka fesa ya haɗu da kabayid. Rahoton gwamnatin China da ya fito a Fabrairun 2016 ya ce wutar ta samo asali ne daga wani sinadari mai suna naitiroselulos da ya bushe ya kama da kansa saboda zafi, babbar fashewar kuma amoniyam naitiret ne. Amma abin da babu gardama a kansa shi ne, an tura bayin Allah cikin wuri ba tare da sun san da me suke faɗa ba. Da sun sani, da janye mutane za su yi, su ma su ja da baya. Daga baya kotu ta ɗaure mutum 49, jami'an gwamnati da mutanen kamfanin, amma ɗauri ba ya dawo da rai.

Bayan shekara biyar, ranar 4 ga Agustan 2020, irin haka ta faru a tashar jiragen ruwa ta Beirut a Labanon. An kira tawagar mutum 10 ta hukumar kashe gobara cewa sito ne ya kama da wuta. Ba a gaya musu akwai tan 2,750 na amoniyam naitiret da aka jibge a wurin shekara da shekaru ba. Babu wanda ya dawo a cikinsu.

Wani zai ce ai can ne, mu ina muka ga irin waɗannan tan-tan na sinadarai? Ɗan'uwa leƙa kasuwar garinku. Kabayid na nan wajen masu walda da masu gyaran bodin mota, yana nan wajen wasu masu nunar da ayaba da mangwaro duk da gargaɗin da NAFDAC ke ta yi. Sannan ga ƙwayar nan da ake sakawa a buhun wake da masara don kashe ƙwari, Phostoxin da ire-irenta, wadda wasu ke kira bom. Da danshin iska take aiki: kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin, guba ce mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, tana kisa, kuma in ta taru da yawa tana iya kamawa da wuta da kanta. Ka duba yawan hatsin da ake ajiyewa a manyan kasuwanninmu, ka tambayi kanka katan nawa na wannan ƙwaya ke jibge a shaguna, kusa da shagon atamfa, kusa da mai shayi. Ranar da wuta ta kai can aka bi ta da ruwa, hayaƙin kaɗai ya isa ya kwantar da 'yan kallo.

Duniya ta daɗe da tanadar hanyar gane irin wannan kaya. A jikin duro ko mota za ka ga alama mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsininta, shuɗiya, da hoton harshen wuta da lamba 4 a ƙasa. Ma'anarta: wannan kaya haɗari ne in ya jiƙe. Kowane sinadari mai haɗari yana da lambarsa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kabayid 1402, ta ƙwayar hatsi 1397. Jami'in da aka horar in ya ga lambar ya san ba ruwa, ba kumfa, sai busasshen yashi ko hodar kashe wuta, a tsaya ta inda iska ke tasowa, a nisanta jama'a. Wani lokacin ma hikimar ita ce a bar kayan ya cinye kansa a tsare maƙwabta. Amma a wajenmu ana sauke kayan a juye shi cikin wani tsohon duro ko leda, babu suna babu alama. To ta ina jami'i zai gane in ba ya tambaya ba?

Ba ina wanke hukumomin kashe gobara ba ne. Duk mun san ana kiransu su makara, mun san akwai ranar da mota kan zo ruwanta ya ƙare a minti kaɗan babu famfon da za a sake cikawa. Fushin mutumin da ke kallon jarinsa na shekara ashirin yana zama toka, fushi ne na gaskiya. Sai dai wanda ke cikin motar ba shi ya hana gyara famfo ba, ba shi ya gina shaguna a kan hanyar da mota za ta bi ba. Ɗan talaka ne kamar ni da kai, ya bar mata da 'ya'ya a gida, kuma shi ne zai fara shaƙar abin da wani ya ɓoye.

Don haka ga roƙona.

'Yan kasuwa da masu sito: in kana ajiye kabayid, ko ƙwayar hatsi, ko kulorin na tace ruwa, ko taki mai yawa, ka rubuta a ƙofa da manyan baƙaƙe, da Hausa, har da ajami in ya samu. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka tabbatar rufin ba ya yoyo, ka ajiye bokitan yashi. In wuta ta tashi, kai ne na farko da za ka tari motar ka faɗi abin da ke ciki. Na san abin da ke sa wasu shiru, tsoron kada a ce kayan ba su da izini. Alhaji, tarar da za a ci ka ba ta kai ran mutum ba, kuma in shirunka ya kashe wani, akwai tsayuwa gaban Allah.

Shugabannin kasuwanni: yadda kuke da rajistar masu biyan kuɗin shara da na gadi, ku yi ta masu ajiye sinadarai, ku kai wa ofishin kashe gobara mafi kusa kwafi. A ware musu layinsu nesa da 'yan yadi da masu girki. Wannan ba ya buƙatar jiran Abuja.

Gwamnatocin jihohi: sayen mota ja a yanka kirtani a ɗauki hoto bai wadatar ba. A saya musu na'urar numfashi, da hodar kashe wuta mai yawa, da rigar kariya, a horar da su kan sinadarai, a kuma kula da iyalan wanda ya rasu a bakin aiki.

Mu kuma 'yan kallo, mu ne babbar matsala. Mu daina cika wuri muna ɗaukar bidiyo. In aka ce a ja baya, a ja baya. In ka san abin da ke cikin shagon maƙwabcinka, ka faɗa da ƙarfi tun kafin bokitin farko. In ka ga ɗan kwana-kwana ya tsaya yana tambaya, ka taya shi neman amsa, kada ka nemi dutse.

Jiya da safe na bi ta wurin. Duro biyun na nan a lungu, an binne su da yashi, bangon da ke gefensu ya yi baƙi ƙirin. Tsakaninsu da inda muka tsaya muna ihu da farko bai kai taku ashirin ba. Ban san sunan jami'in nan ba, amma in rubutun nan ya kai gare shi: Yallaɓai ka yafe mana, mun gode.

Allah Ya tsare mu da gobarar duniya da ta lahira. Ku tura wa duk wani mai shago da kuka sani.