Hutun haihuwa a rundunar sojan Amurka: Daga kora zuwa makonni 12

A shekarar 1970 wata ma'aikaciyar jinya a rundunar sojan saman Amurka, Kyaftin Susan Struck, ta samu juna biyu tana bakin aiki a Vietnam. Hukumomin soja suka ce ko dai ta zubar da cikin, ko kuma ta tuɓe kaki.

Ta ƙi amincewa da ko ɗaya, ta garzaya kotu. Lauyar da ta tsaya mata ita ce Ruth Bader Ginsburg, wadda daga baya ta zama mai shari'a a Kotun Ƙoli. A 1972, bayan kotun ta amince za ta saurari ƙarar, sai rundunar ta janye korar, maganar ta mutu ba tare da an yanke hukunci ba.

Dokar da aka dogara da ita wajen korar ta samo asali ne daga umarnin da Shugaba Harry Truman ya sanya wa hannu a 1951, wanda ya ba da ikon sallamar duk macen da ta yi ciki. Sai a tsakiyar shekarun 1970 aka daina aiki da ita.

Rabin ƙarni bayan haka, tun daga watan Janairun 2023, sojan Amurka da ya samu ƙaruwa, mace ko namiji, yana da hutun makonni 12 da cikakken albashi. Uwar da ta haihu kuma tana da hutun jego na daban bisa shawarar likita, wanda galibi makonni shida ne.

Abin da ya jawo sauyin

Ba tausayi kaɗai ya kawo wannan ba, akwai lissafi. Tun 1973 Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja, saboda haka dole rundunar ta yi gogayya da kamfanoni wajen neman ma'aikata, ta kuma san yadda za ta riƙe su.

Wani rahoto da ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar, GAO, ya fitar a 2020 ya nuna cewa yiwuwar mace ta bar aikin soja ta fi ta namiji da kashi 28 cikin 100. Daga cikin dalilan da ya zayyana har da tsara iyali da rashin mai kula da yara.

Ana shafe shekaru ana kashe kuɗi mai yawa kafin a horar da matuƙiyar jirgin yaƙi guda. Idan ta ajiye aiki a daidai lokacin da ta ƙware, asarar ta fi ƙarfin albashin watanni uku nesa ba kusa ba.

An sha kai-komo kafin a zo nan. Har zuwa 2015 makonni shida ake bayarwa. A watan Yulin shekarar ne sakataren sojan ruwa, Ray Mabus, ya mayar da hutun matan da ke ƙarƙashinsa makonni 18. Ba a daɗe ba, a Janairun 2016, sakataren tsaro Ash Carter ya tsayar da makonni 12 ga kowa: matan sojan ƙasa da na sama suka samu ninki, na ruwa kuwa aka zabtare masu makonni shida.

Abin mamaki, wannan gata ya fi na akasarin farar hula. Dokar tarayya ta 1993 ta ba ma'aikatan da suka cancanta hutun makonni 12 ne, amma babu albashi.

Wa zai riƙe aikin?

Matsalar da takarda ba ta warware ba tana cikin bariki. Kamfani yana iya ɗaukar ma'aikacin wucin gadi, amma kwamandan jirgin ruwan yaƙi ba shi da inda zai ɗauko makanike na watanni uku. Aikin wanda ya tafi yakan faɗa kan abokan aikinsa, kuma daga nan ƙorafi ke tasowa cewa hutun yana rage shirin ko-ta-kwana.

Wannan ne ma ya sa sanya maza cikin tsarin yake da muhimmanci. A da, mace kaɗai ake yi wa kallon wadda za ta ɓace daga bakin aiki, abin da kan iya shafar rahoton da ake rubutawa a kanta da kuma ƙarin girma. Yanzu da uba ma zai iya tafiya makonni 12, wannan hujja ta yi rauni, ko da yake tun da maza sun fi kashi 80 cikin 100 na dakarun, giɓin da kwamandoji za su cike ya ƙaru ƙwarai.

Da alama hukumomi sun san cewa wasu kwamandojin za su so hana hutun da sunan buƙatar aiki. A rundunar sojan ƙasa, ƙa'idar 2023 ta ce jami'i mai muƙamin janar ne kawai ke da ikon ƙin amincewa da buƙatar. Tun a 2022 kuma rundunar ta ce ba za a tura uwa fagen daga ba sai jaririnta ya cika shekara guda.