Yaran 1976 da Abin da Farashin Mai Ya Yi wa Karatunsu

Zuwa ga Edita,

Duk lokacin da muhawara ta tashi a kan halin da ilimi yake ciki a Nijeriya, adadin da hukumomi suka fi ambato shi ne na yaran da aka yi wa rajista, alhali kuwa adadin da ya fi bayyana gaskiyar lamari shi ne mizanin kammalawa, wato cikin yara ɗari da suka shiga aji ɗaya nawa ne suka fita daga aji shida, nawa ne kuma suka kai ƙarshen sakandare. Mai wannan wasiƙa yana ganin cewa a ƙasar nan wannan mizani ya daɗe yana hawa da sauka tare da farashin man fetur da sauyin gwamnatoci, kuma tarihin tsarar yaran da suka shiga firamare a 1976 ya isa shaida.

A watan Satumba na 1976 ne gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, shirin da aka tsara tun zamanin Janar Yakubu Gowon lokacin da kuɗin mai ke kwarara cikin baitulmali saboda tashin farashinsa bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973. An yi ƙiyasin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka zaunar da wasu azuzuwan a ƙarƙashin inuwar bishiya. Ga Arewa musamman, wannan ce babbar ƙofa ta farko da aka buɗe wa ɗan talaka na ƙauye, domin Jihar Yamma ta riga ta fara nata shirin kyauta tun 1955 a ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo, tazarar da ta haura shekara ashirin.

Yaran nan sun kammala aji shida a 1982, daidai shekarar da kasuwar mai ta faɗi har gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Kafin wannan lokaci nauyin firamare ya riga ya koma wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, waɗanda su kansu da kason tarayya suka dogara, saboda haka da rijiyar ta ja baya sai albashin malamai ya fara makalewa na watanni, jihohi da dama suka dawo da kuɗin makaranta da wasu haraje-haraje, iyaye kuma suka fara janye 'ya'yansu zuwa gona da kasuwa. A shekarar 1982 ɗin ce kuma aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, tsarin da ginshiƙinsa shi ne koyar da sana'ar hannu a ƙaramar sakandare. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawansu suka ruɓe cikin akwatunansu don babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya sarrafa su. Waɗanda suka jure har zuwa 1986 sai suka ci karo da shirin gyaran tattalin arziki na Janar Ibrahim Babangida, wato SAP, wanda ya karya darajar naira daga kusan kunnen doki da dalar Amurka zuwa wajen naira huɗu a kan dala ɗaya cikin ɗan lokaci, littattafai da kayan ɗakin gwaje-gwaje suka gagari makarantu, ƙwararrun malaman jami'a kuma suka fara ficewa zuwa ƙetare. Cikin shekara goma sha biyun da yaro ke buƙata daga aji ɗaya zuwa ƙofar jami'a, tsarar 1976 ta ga shugabannin ƙasa huɗu, kowanne da nasa lissafin. Hatta hukumar kula da firamare ta ƙasa da aka kafa a 1988 don tabbatar da biyan albashin malamai an rushe ta a 1991, aka sake kafa ta a 1993.

Shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, ya zo da niyyar gyara wannan rauni, domin ya wajabta karatun shekara tara kyauta, ya kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya don tallafa wa jihohi. Sai dai sharaɗin tallafin shi ne jiha ta fara ajiye nata kason daidai da wanda za ta karɓa, kuma shekara da shekaru biliyoyin nairori suna zaune a hannun hukumar UBEC mai kula da shirin saboda wasu gwamnoni ba su ajiye ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san siyasar ƙasar: gada da titi ana iya buɗe su da kaɗe-kaɗe kafin zaɓe, amma yarinyar da aka hana ta barin makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare amfaninta ba ya bayyana sai wa'adin gwamna ya daɗe da ƙarewa. Wannan abin takaici ne matuƙa, domin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta su ne suka fi buƙatar kowane kwabo na wannan kuɗi.

A jami'a ma labarin bai sauya ba. Rikicin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da gwamnatin tarayya a kan yarjejeniyar 2009 ya rufe jami'o'in gwamnati wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, digirin shekara huɗu ya koma na biyar ko shida, kuma kowane ƙarin wata yana nufin ƙarin kuɗin haya da abinci ga iyayen da tun farko da ƙyar suke ɗaukar nauyin, ga haɗarin haura shekara 30 da ke hana mutum zuwa hidimar ƙasa. Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira ga kasuwa sun ninka kuɗin mota da na abinci a daidai lokacin da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya sauƙaƙa wa wasu, kuma ya cancanci yabo a kan haka, amma yana taimakon wanda ya riga ya kai babbar makaranta ne, alhali mafi yawan 'ya'yan talakawan Arewa tun a firamare da ƙaramar sakandare suke zubewa.

Saboda haka ana roƙon wannan jarida da ta riƙa neman ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ta bayyana, a ƙarshen kowace shekarar karatu, yawan yaran da suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce da yawan waɗanda suka kammala a cikinsu, maza daban mata daban, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, sannan ta buga wannan kusa da adadin kuɗin UBEC da jihar ta karɓa da wanda ta bari, da kuma watannin albashin da malaman firamare suke bin ta.

Wassalam,
Daga wani mai karatu, Zariya.