Kada Mu Sayar Da Tsohon Zarto A Kan Sikeli

Jama'a, akwai wata asara da muke tafkawa a kasuwanninmu, tun daga Aboabo a nan Tamale har Bawku, Paga da Sinkase. Tsofaffin zartuna na yankan manyan katakai, waɗanda kafintocin da suka yi aiki da su, yau ana jibga su ga masu sayen tsohon ƙarfe, a auna a kilo, a kai su narkewa. A ganina wannan kuskure ne babba, domin zarton da aka gyara ya fi kilonsa daraja nesa ba kusa ba.

Yawancin sababbin zartuna masu ƙotar roba an ƙone bakin haƙoransu, shi ya sa za ka ga sun yi baƙi. Magagari ba ya cin su, da sun dakushe sai bola. Tsohon zarto kuwa ana wasa shi shekara da shekaru.

To yaya ɗan kasuwa zai gane na kirki? Ya duba tambarin tagulla da ke jikin ƙota da rubutun da ke kan ruwan zarton. Idan ya ga Disston, na Filadelfiya ne a Amurka, kamfanin da ya fara a 1840. Spear & Jackson na Shafil ne a Ingila, Sandvik kuma na Suwidin. Sannan ya lanƙwasa ruwan kaɗan ya saki: na gari zai koma ya miƙe sak. Na tsaga katako a tsaye haƙoransa manya ne, huɗu zuwa biyar a inci ɗaya. Wanda ya karye, ko tsatsa ta yi masa ramuka a bakin haƙora, a bar wa mai sikeli.

Gyaran ba ya son kuɗi da yawa. A kwance ƙota, a shafa kananzir, a goge tsatsa da sanfefa mai laushi, a bi wajen rubutun a hankali, don shi ne shaidar da za ta sayar da kayan. A daidaita tsawon haƙora da magagari mai faɗi, a karkata su ɗaya dama ɗaya hagu, sannan a wasa da magagari mai kusurwa uku. A shafe shi da mai saboda damina. Kada a kai shi ga injin wasa wuƙa, zafinsa na kashe ƙarfen.

Wani zai ce zamanin zarton inji ne, wa zai wahalar da kansa? Gaskiya ne inji ya fi sauri. Amma tun 1998 dokar Gana ta hana tsaga katakon sayarwa da zarton inji, kuma kafintan ƙauye da ke ɗora rufi inda babu lantarki, ga tsadar fetur, zarton hannu yake nema. Sai dai mu sani, zarton hannu ba lasisi ba ne. Sare itacen katako na buƙatar izinin Hukumar Gandun Daji, balle madobiya da aka yi wa ɓarna a arewacin ƙasar nan har gwamnati ta sake hana fitar da ita a 2019.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa masu sayar da kayan aiki: kafin tsohon zarto ya hau sikeli, a duba tambarinsa, a nemi dattijon kafinta ya koya wa yaran shago wasa shi. Allah Ya sa albarka a kasuwa, amin.