Kafin A Sayi Kujerar Hawa Bene, A Fara Tambayar Mai Hawan

'Yan uwana ɗalibai, hutun da ya wuce na je gida Shanono na tarar da wani zancen da har yau bai bar raina ba. Baffana, wanda ya yi shekaru yana kasuwanci a Kantin Kwari, ya gina bene a garinmu, ya ɗora ɗakinsa a sama. Bara bayan an gama girbin gero sai hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Tun daga nan, sai samari biyu sun ciccibe shi kafin ya sauko ya sha iska a zaure.

Babban ɗansa ya ga bidiyo a Facebook na wata kujera mai amfani da lantarki, wadda ke bin dogon ƙarfe a gefen matakala ta kai mutum sama yana zaune. Nan take ya ce ita za a saya. Da yake ina karatun fasahar gine-gine, aka ce in faɗi nawa. Ga abin da na faɗa, kuma ina nan a kansa.

Kujerar ba ta da laifi, amma akwai abubuwan dubawa. Matakalar miƙaƙƙiya ce ko mai kwana? Idan mai kwana ce, sai an auna an ƙera mata nata ƙarfen, kuɗin kuma ya ninka. Faɗinta zai ɗauki kujera har a bar wa sauran mutanen gida hanya? Kowace kujera tana da iyakar nauyin da take ɗauka. Da batir take tafiya, batirin kuma wuta yake jira. Mu da muka san halin wuta a ƙauye, sai a haɗa da sola. Ran da ta tsaya cak a tsakiyar matakala da mara lafiya a kai, wa za a kira? Kanikawanmu sun iya babur da injin ban ruwa, amma wannan fa? Sannan dole mutum ya iya zama daram, ya kuma iya tashi daga keken guragu ya koma kanta. Baffa bai iya ba tukuna.

Sai na ce a tambayi mai abin. Muka shiga, na durƙusa na ce, "Baffa, me ka fi so?" Ya ce, "Ɗana, ni ba sama nake nema ba. Masallaci nake so in je, in kuma shiga banɗaki ba wanda ya riƙe ni." Wallahi duk sai muka ji kunya.

Aka mayar masa da falon ƙasa ɗaki. Aka sa masai na zama da ƙarfen dafawa a bango. A ƙofar gida muka zuba gangara da siminti. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce ɗaya bisa goma sha biyu: tudu mai tsayin santimita 15 yana buƙatar gangara mai tsawon mita 1.8. Buhunan siminti kaɗan da birkila ɗaya suka gama aikin. Yanzu jikansa ke tura shi sallar Magariba.

Wani zai ce ai mai kuɗi ya sayi abin da ransa ke so. Haka ne. Inda babu ɗaki a ƙasa, kujerar ko lifta ce mafita, domin bene mai tsayin mita 3 sai gangara ta kai mita 36. Abin da nake ƙi shi ne a fara da na'ura a manta da mutum.

To mu dawo nan cikin makaranta. Dukanmu mun sha ganin abokan karatu masu lalurar shan inna suna jan jiki a matakala, ko a ɗauke su kamar kaya don lakca tana hawa na biyu. A shekarar 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta daji, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu a aji. Akwai kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024.

Ba sai mun jira lifta ba. Ƙungiyar ɗalibai ta roƙi masu tsara jadawali: duk ajin da ke da ɗalibi mai keke ko sanda, a ba shi ɗaki a ƙasa. Wannan ko sisi ba ya ci. Mu 'yan ajin ƙarshe kuma, maimakon kwafo tsohon furojet, me zai hana mu auna ƙofofin laburare, masallaci da banɗakuna, mu zana gangarar da ta dace? Amma kafin mu ɗauki tef, mu fara zama da su mu ji ta bakinsu. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Lafiya aro ce. Baffa da ƙafarsa ya hau benen nan ran da aka gama shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.