Maraɗi kusa take, amma ƙasar wasu ce

Kwanan nan TikTok ya cika da bidiyon samari masu taken "na shiga ƙasar waje da kuɗi kaɗan". Za ka ga an ɗauko ƙofar gari, an ɗauko kilishi, an ɗora waƙa, shi ke nan. Ba wanda ke nuna maka awanni biyar na farko bayan ya sauka daga mota, alhali a cikinsu ne guzurin talaka ke ƙarewa.

Mu 'yan Tsamaye da Sabon Birni da Isa, ƙasar wajenmu ta farko Maraɗi ce. Ta fi mana Sakkwato kusa. Tsibirin Gobir na gefenta, kuma daga can waɗanda suka kafa Sabon Birni suka taso, don haka da wuya ka sami gidan da ba shi da gwaggo ko kawu a wancan ɓangaren. Wannan kusancin ne ke ruɗin mu. Yaro zai saka riga biyu a leda ya ce ai gida zai je. To gida ne a wajen zumunta, amma jandarman da ya tare mota ba zumunta yake tambaya ba, takarda yake tambaya.

Lissafin ma ya canza. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a farkon shekarar ta fito da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi. Wanda ya ce maka "ni haka na wuce ba a tambaye ni komai ba", ka tambaye shi a wace shekara. Ka nemi direban da ya bi hanyar a wannan satin ya faɗa maka abin da ake dubawa, ka riƙe takardar tafiyarka da katin rigakafin shawara. Ka kuma bi hanyar da hukuma ta sani, ko da zagaye ne ta Jibiya da Ɗan Isa. Barauniyar hanya ta fi arha, gaskiya ne, amma duk ɗan gabashin Sakkwato ya san su wa ke cikin dajin nan. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka yankin Gidan Rumji ba don yawon buɗe ido ba.

Sai batun kuɗi, inda aka fi yi wa baƙo dariya. A Maraɗi Hausa ake yi, har ma tun Maris ɗin 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar, amma ƙidayar kuɗinsu daban ce. Da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. In ɗan kabu-kabu ya ce ɗari, ba 100 ba ce malam, 500 ce. Jaka ita ce 1,000. Kai kuma da ka zo da kan naira sai ka ji "ɗari" ka ce kai, garin nan akwai arha, ka haye babur ba ciniki. Sai an sauka rigima ta tashi, kuma kai ne marar gaskiya. Ka ƙara da cewa tun da aka saki naira a 2023 ta zube, har jaka guda ta haura naira 2,000 a 2024. Abin da yayanka ya kashe a sati a zamaninsa, kai yana iya tafiya a wuni. Ka canza kaɗan a kan iyaka don mota da ruwa, sauran ka bari sai ka shiga gari ka ji farashi a bakin 'yan canji biyu ko uku. Kada ka fito da damin kuɗinka gaba ɗaya a tasha.

Waya ma haka. Layinka na Najeriya zai raka ka ɗan nisa kaɗan ya yi shiru, ko ya koma cin kuɗi kamar gara. Sabon layi, na Airtel ko Moov ko Zamani, sai da rajista da katin shaida. Kafin nan fa? Lambar wanda za ka sauka wurinsa tana cikin WhatsApp, data babu, caji saura kashi huɗu. Ka rubuta ta a takarda, da sunan unguwa. Maraɗi ma tana da unguwar Zariya da Sabon Gari, kada ka ji sunan ka ɗauka ka san wurin.

Wannan ya kawo mu ga abin da muka fi sakaci da shi, wato mai masauki. Fataken da suka yi Gwanja da ƙafa ba su taɓa shiga gari ba tare da sanin gidan da za su sauke kaya ba. Mai masauki ne ke faɗa maka farashin gaskiya, shi ke tsaya maka in magana ta taso. Mu kuma da digiri a gaba muna shiga gari da magariba, muna dogaro da wani da muka haɗu da shi a Facebook wanda ko muryarsa ba mu taɓa ji ba. Ka kira kawun nan tun kana gida, ko da kun shekara ba ku gaisa ba. Zai yi maka gorin zumunci na minti biyu, sannan ya turo yaro tasha.

Masu ɗora bidiyo kuma, don Allah in za ku nuna mana kilishi ku haɗa da nawa kuka biya mota, shinge nawa aka tsayar da ku, wace takarda aka karɓa, a ina kuka kwana. Ƙannenku na kallo, kuma wani cikinsu ya riga ya sayar da wayarsa ya haɗa kuɗin mota.