Cigiya a Cikin Littafin Vim

Wanda akuyarsa ta ɓace ba ya shiga kasuwa yana kiran sunanta. Kamanninta ya ke faɗa: ja ce, da farin goshi, ƙaho ɗaya a karye. To, haka al'amarin ya ke ga mai aiki da Vim, watau manhajar rubutun nan da Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fitar a 1991 bisa tafarkin vi na Bill Joy.

Vim tana zuwa da littafin bayaninta a cikinta, fayil-fayil masu yawan gaske, ba sai da intanet ba. Wannan kuwa ba ƙaramar ni'ima ba ce ga ɗalibin da kuɗin data ke yi wa wuya. Amma akwai cikas. Umurnin :help ba ya amsa sai wanda ya san sunan abin da ya ke nema, ko wani yanki na sunan. Sabon shiga kuwa matsalarsa ya sani, bai san sunanta ba. Sau da yawa a nan ya kan yi fushi ya rufe, alhali amsar tana kwance a cikin na'urarsa.

Maganin wannan shi ne :helpgrep. Shi ba kanun babi ya ke dubawa ba, layi-layi ya ke bin littafin duka, yana neman kamannin da aka siffanta masa. Hanyar siffantawar ita ce masana ke kira regex, wadda asalinta ke komawa ga aikin Stephen Kleene, masanin lissafi na Amurka, a shekarun 1950. Ken Thompson ne ya shigar da ita cikin editan ed, daga can kuma aka sami grep.

Ga misali. Mutum yana son share fankon da ke maƙale a ƙarshen layi. Sai ya rubuta :helpgrep trailing.*space. Ɗigon nan yana nufin kowane harafi, tauraron kuwa yana nufin ko nawa ne, ko ma babu. Saboda haka duk layin da kalmomin biyu suka fito a jere, kome ke tsakaninsu, zai shigo hannu. In kuma tab kaɗai a ke so, ban da table da tabstop, sai a yi mata shinge: \<tab\>. Vim za ta kai mutum wuri na farko. :cnext ya kai shi na gaba, :copen kuwa ya baje jerin duka a taga guda. Lalle buɗe jerin ya fi, gama ido ya fi yatsa saurin tacewa.

Sai dai a kula da tarko biyu. Na farko, :helpgrep yana bambanta babban harafi da ƙarami, ko da an kunna ignorecase. Wanda ya nemi uganda da ƙaramin harafi zai tsallake layukan da aka rubuta Uganda, ƙasar da marigayi Moolenaar, wanda ya rasu a 2023, ya daɗe yana nema wa marayunta taimako a Kibaale. Sai an ƙara \c a ƙarshe.

Na biyun ya fi ɓoyuwa. Siffar dole ta dace a cikin layi ɗaya, layukan littafin kuwa gajeru ne, galibi ba su wuce harafi 78 ba. Jimlar da ta karye tsakanin layi biyu ba za ta fito ba, sai mai nema ya zaci babu ita. Don haka kalma biyu masu nauyi sun fi dogon zance amfani. In ba a sami kome ba, a rage siffar a sake jefawa.